Ilimi yana rage hayaƙin kabon ne ko ƙara shi yake yi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Na karanta cewa ilimantar da jama'a da horar da ma'aikata suna rage hayaƙin kabon a ƙasashe masu tasowa. Sai kuma na ga ƙasar Sin tana yaye miliyoyin masu digiri kowace shekara, amma ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da hayaƙin. Wanne zan kama?

Amsa: Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abubuwan biyu da kika ci karo da su duk gaskiya ne, abin da ya raba su shi ne lokaci da kuma irin ilimin da ake magana a kai. A farkon bunƙasar ƙasa ilimi ƙara hayaƙi yake yi, domin yana kawo arziki, arziki kuwa da wuta da mai da siminti yake tafiya. Sai daga baya yake iya juyowa ya rage hayaƙin, kuma ba kowane irin ilimi ne ke yin wannan aiki ba, ba kuma a kowace ƙasa yake yinsa ba. A shekarun da na yi ina koyar da tattalin arzikin makamashi, ina kuma shiga masana'antu ina auna yadda suke shan wuta, na gamsu cewa mutumin da ya fi tasiri a lamarin shi ne wanda ke tsakanin lebura da injiniya, wato mai walda, mai haɗa wayoyin wuta, mai kula da tukunyar tururi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shi ne kuma wanda lissafin masu bincike ya fi tsallakewa.

Kafin mu kai gare shi, bari mu warware zaren daga bakinsa. Wani masani ɗan Japan mai suna Yoichi Kaya ya nuna cewa hayaƙin da ƙasa ke fitarwa yana fitowa ne daga abubuwa huɗu da ke ninka juna: yawan jama'a, dukiyar da kowane mutum ke samarwa, makamashin da ake ƙonawa kafin a samar da dukiyar, da yawan kabon da ke cikin makamashin. Ilimi yana taɓa dukkan huɗun, sai dai ba gefe ɗaya yake jan su ba. Yana rage saurin ƙaruwar jama'a, amma sai an yi zuriya ɗaya ko biyu kafin a ga tasirin. Yana ɗaga dukiya, kuma wannan da sauri yake zuwa, cikin shekara goma an gan shi. Rage ɓarnar makamashi da sauya tushen wuta kuwa suna da sharuɗɗan da ba a hannun makaranta suke ba. Saboda haka duk lokacin da kika ga bincike biyu sun saɓa wa juna, ki duba wanne daga cikin huɗun kowannensu ya kama, da kuma shekarun da ya ɗauka ya auna.

Misalin Sin da kika kawo ya fito da ƙarfin na biyu cikin huɗun, wato dukiya, sarai. A 1999 gwamnatin ƙasar ta buɗe ƙofofin jami'o'i da gangan, har matasan da ke samun gurbin karatu bayan sakandare suka tashi daga ƙasa da ɗaya cikin goma zuwa fiye da rabi a 2019, kuma tun daga 2022 waɗanda ake yayewa a shekara sun haura miliyan 10. A ƙarshen 2001 ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kamfanoni suka yi ta tururuwa zuwa can saboda sun tarar da ma'aikatan da suka iya karatu da lissafi, ga arhar albashi. Injiniyoyin wancan zamani ba da faifan sola suka fara ba. Tashoshin wutar kwal suka gina, da manyan murahun narka ƙarfe, da masana'antun siminti, har ƙasar ta wayi gari tana samar da fiye da rabin ƙarfen duniya da kimanin rabin siminti. Hayaƙinta ya ninka fiye da sau uku daga shekarar 2000, ta wuce Amurka wajen 2006, yau kuma kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin duniya daga can yake fitowa, kimanin tan 8 ga kowane mutum a shekara. Koriya ta Kudu, wadda kusan bakwai cikin goma na matasanta sun yi karatun gaba da sakandare, tana fitar da sama da tan 11 ga kowane mutum. Indiya tana wajen tan 2. Najeriya ba ta kai tan 1 ba, Nijar kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗauki ƙarancin hayaƙinmu a matsayin abin alfahari bai kwana a gidan da babu wuta ba, domin ƙarancin nan na talauci ne.

Akwai wata magana da ake yawan rarrashin kai da ita, wai kowace ƙasa tana fara gurɓata muhalli ne, in ta yi arziki ta yi ilimi sai ta koma tana tsaftace shi. Asalinta daga binciken masana tattalin arziki Gene Grossman da Alan Krueger ne a 1991, kuma abin da suka auna shi ne ƙazantar iskar birane, irin hayaƙin da ke sa tari da yajin ido. A irin wannan ƙazanta maganar tana da ƙamshin gaskiya, saboda mai ilimi in ya ga ɗansa yana fama da asma zai tayar wa hukuma da hankali. Iskar kabon kuwa ba ta da wari, ba ta da launi, kuma illarta tana watsuwa ne a duniya baki ɗaya, don haka ba wanda ke jin zafinta a ƙofar gidansa har ya yi ƙorafi. Ƙari a kan haka, wani ɓangare na raguwar da aka gani a Turai ƙaura ce kawai, masana'antar ta koma Asiya, kayan kuma suna dawowa a jirgin ruwa.

Sanin abu ma dabam, aiki da shi dabam. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan ƙasashe 119 ya gano cewa babu abin da ya kai zurfin karatu nuna ko mutum ya san da sauyin yanayi. To amma farfesan da ya fi kowa iya bayanin ɗumamar duniya shi ne mai mota, mai na'urar sanyaya ɗaki, mai hawa jirgin sama zuwa taro, kuma ban cire kaina ba. Manomin da bai taɓa jin kalmar kabon ba bai fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da farfesan ke fitarwa ba. Ƙungiyar Oxfam ta sha nuna cewa kashi 10 cikin 100 mafiya arziki a duniya su ke da alhakin kusan rabin hayaƙin. A 2020 wani masani mai suna Brian O'Neill da abokan aikinsa suka haɗa wannan lissafi wuri ɗaya, suka tarar cewa idan ilimi ya yaɗu da sauri a ƙasashe masu tasowa, jimillar hayaƙi za ta ɗan ƙaru, saboda bunƙasar arziki ta rinjayi raguwar haihuwa, amma kuma jama'a za su fi iya jure ambaliya da fari da zafi. Ni dai a ganina cinikin ya yi riba.

Batun karatun 'ya'ya mata ba zan daɗe a kansa ba. Gaskiya ne cewa yana rage yawan haihuwa. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna macen da ba ta yi makarantar boko ba tana haihuwar kimanin 'ya'ya 6.7 a rayuwarta, wadda ta wuce sakandare kuma 3.4. Bangaladash, wadda ta fara ba 'yan matan karkara tallafin zuwa sakandare a faɗin ƙasa a 1994, ta sauko daga sama da 'ya'ya shida a shekarun 1970 zuwa kimanin biyu. Sai dai wuraren da haihuwa ta fi yawa su ne wuraren da hayaƙin kowane mutum ya fi ƙanƙanta, Ba'amurke ɗaya yana fitar da abin da 'yan Najeriya sama da ashirin ke fitarwa. Ba na son yadda wasu ƙungiyoyi ke tallata karatun mata a matsayin maganin ɗumamar yanayi, domin hujjar ba ta da ƙarfi a lissafi, kuma tana ƙara wa iyaye zargin cewa akwai wata manufa a ɓoye. Yarinya ta cancanci makaranta ko da hayaƙin duniya bai ragu da ƙwayar zarra ba.

Yanzu mu dawo kan juyawar. Ita ma a Sin aka fi ganinta. Wani ɗan ƙasar mai suna Shi Zhengrong ya yi digirinsa na uku a Jami'ar New South Wales da ke Sidni ta Ostireliya, a ƙarƙashin Martin Green, ɗaya daga cikin manyan masanan faifan sola. Ya koma gida ya kafa kamfanin Suntech a birnin Wuxi a 2001. Kamfanin ya durƙushe a 2013, amma mutanen da suka koyi aiki a cikinsa da a ire-irensa ba su manta abin da suka iya ba, suka watsu cikin wasu masana'antun. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera faifan sola a Sin ake yinsa, kuma farashin faifan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Wannan faɗuwar farashi ba wata gagarumar fasaha guda ce ta kawo ta ba, dubban injiniyoyi da masu kula da injuna ne suka yi ta rage kaurin faifan, suna rage azurfar da ake shafawa, suna rage yawan wanda ke fashewa a kan layi. Hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya ta ƙiyasta guraben aikin makamashi mai sabuntawa gaba ɗaya a kan miliyan 16.2 a 2023, Sin na da miliyan 7.4 daga ciki, nahiyar Afirka gaba ɗaya kuwa kimanin 324,000. Amma ki lura da abin da ya juya akalar masu ilimin. Jamus ta yi doka a 2000 da ta tabbatar wa masu wutar sola farashi mai kyau, kasuwa ta buɗe, gwamnatocin lardunan Sin suka ba da fili da bashi mai sauƙi. Da babu wannan, injiniyoyin nan da sun ci gaba da gina tashoshin kwal, kamar yadda wasunsu ke yi har yau.

Kenya ta ba da misali mafi kusa da mu. A ƙarƙashin kwarin da ya ratsa ƙasar akwai tururi mai tsananin zafi, kuma a 1981 aka fara samar da wuta da shi a Olkariya kusa da Naibasha. Tun 1979 ƙasar Ayislan take gudanar da horon wata shida a kan wannan fanni, 'yan Kenya sama da ɗari sun bi ta cikinsa, masu ilimin duwatsu da masu haƙa rijiyoyin tururi da masu kula da injuna. Yanzu kimanin kashi 40 cikin 100 na wutar Kenya daga tururin ƙasa take fitowa, kusan kashi 90 kuma daga hanyoyin da ba sa ƙona mai, har ma'aikatan kamfanin samar da wutar ƙasar suna karɓar kwangilar haƙa a Habasha da Jibuti. Tururin nan ya daɗe a wurin, akwai shi a ƙasashen maƙwabta, abin da Kenya ta riga su tarawa shi ne mutanen da suka iya fito da shi.

To ga mutumin da na ce ana tsallakewa. A Bangaladash akwai dubban murahun gasa bulo da ke aiki da kwal, suna turnuƙe sararin Dhaka da hayaƙi duk lokacin rani. Wasu masu bincike daga Jami'ar Stanford da wata cibiyar binciken lafiya ta Dhaka sun yi gwaji a kan murahu 276, suka horar da masu wasu daga cikinsu, kuma an wallafa sakamakon a 2025. Ba a sayo musu sabon inji ba. An koya musu yadda za a jera bulon ta yadda iska mai zafi za ta ratsa shi sosai, da yadda mai hura wuta zai riƙa zuba kwal kaɗan-kaɗan ba tare da tsayawa ba maimakon a kwara shi da yawa lokaci ɗaya. Kusan biyu cikin uku na waɗanda aka ba horon sun ɗauki tsarin, kuma waɗanda suka ɗauka sun rage hayaƙin kabon da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, bulonsu ya fi inganci, kuɗin kwal ya ragu. A teburin ƙididdigar da ɗalibai irinku ke saukewa daga intanet kuwa ba abin da ya canza a shekarun karatun masu hura wutar nan.

Ki ɗauki mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Kano ko Yamai. Iskar gas ɗin da ke cikin yawancin na'urorin da ke gidajenmu tana riƙe zafi kusan sau 2,000 fiye da iskar kabon, shi ya sa ƙasashen duniya suka amince a Kigali a 2016 cewa za a rage amfani da ire-irenta. Na'ura ɗaya ta gida tana ɗaukar wajen kilo ɗaya. Duk ranar da mai gyara ya kwance bututu ya bar gas ɗin ya fice, saboda ba shi da injin zuƙe shi ko ba a taɓa nuna masa ba, ya saki abin da ya kai kusan tan 2 na kabon cikin 'yan mintuna, wato fiye da abin da ɗan Najeriya ke fitarwa a shekara biyu. Kuma in ya ɗaura bututun bai matse bakinsa da kyau ba, gas ɗin zai riƙa tsiyaya, na'urar ta riƙa shan wuta fiye da kima, mai gida ya sake kiransa bayan wata shida.

Na taɓa shiga wata masana'antar roba don auna shan wutarta. Da aka tafi sallar Azahar aka kashe injuna, sai na ji wurin ya cika da huci ta ko'ina, ashe bututun iskar da ke tura injunan ne duk ya huje, injin matse iskar kuma yana ta aiki a kan janareta mai shan dizal don ya cike abin da ke fita. Wani matashi mai difloma da ke kula da wurin ya san kowace huda, ya ma zana su a bayan littafinsa, ya kuma faɗa wa manaja fiye da sau ɗaya. Manajan yana da digiri biyu, amma a idonsa gyaran bututu kashe kuɗi ne, dizal kuwa abin da aka saba saya ne. Tun daga ranar na daina ɗaukar yawan takardun shaida da ke cikin masana'anta a matsayin ma'aunin ƙwarewarta. Haka kuma fitilun titi masu sola da muke gani sun mutu a garuruwanmu bayan shekara ɗaya ko biyu, sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, batir ne aka sa wanda bai dace da nauyin ba, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan ba mai gogewa. Indiya ta hango wannan giɓi, ta ƙaddamar da shirin horar da masu ɗaura sola mai suna Suryamitra a 2015, shekaru tara kafin ta sanar da shirin sa sola a rufin gidaje miliyan 10 a 2024.

Afirka ta Kudu ta nuna abin da ke faruwa in irin waɗannan mutane suka yi ƙaranci. Kusan kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal ne. An fara gina tashar wutar kwal ta Medupi a 2007, ba a kammala ba sai 2021, kuma daga cikin dalilan jinkirin akwai dubban wuraren walda da aka gano ba su yi kyau ba. Kwanaki kaɗan bayan kammalawar, a watan Agusta na 2021, ɗaya daga cikin injunan ya fashe saboda an saɓa ƙa'idar fitar da iskar haidurojin daga cikinsa. A 2023 ƙasar ta sha ɗaukewar wutar da ba ta taɓa gani ba, kamfanin wutar ƙasar mai suna Eskom ya yi ta ƙona dizal mai tsada, gidaje da shaguna suka koma janareta. Abin mamaki shi ne kwal ɗin da aka ƙona a lokacin ya ragu, tunda tashoshin a kwance suke. Ɗalibin da ya dubi lambobi kawai zai ce an samu ci gaba, alhali ramar ciwo ce.

Akwai kuma tarkon da William Stanley Jevons ya gano a Ingila tun 1865, lokacin da ya lura cewa da injunan tururi suka rage cin kwal, sai amfani da kwal ya ƙaru, domin ya zama da arha a yi aiki da shi. Wani masanin tattalin arziki mai suna Nicholas Ryan ya gwada wannan a masana'antun jihar Gujarat ta Indiya. An ba wasu masana'antu ƙwararrun masu ba da shawara kan tsimin makamashi, sakamakon shi ne sun ƙara sa'o'in aiki, sun ɗauki ƙarin ƙwararrun ma'aikata, wutar da suke sha kuma ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Ƙwarewa tana rage makamashin da ke shiga kowane yadi ko kowane buhu, amma jimilla tana bin farashi ne da kuma tushen wutar. Mun ga haka da idonmu bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin fetur a Najeriya. Masu ɗaura sola da makanikan da ke juya janareta da mota zuwa gas suna nan tun kafin ranar, amma sai da litar mai ta ninka sannan wayoyinsu suka fara ƙara ba hutu. A Pakistan ma tsadar wutar gwamnati ce ta sa aka shigo da faifan sola na kimanin megawat 17,000 a 2024 kaɗai.

Burazil tana koya mana darajar wani rukunin ƙwararru dabam, wato masu aunawa. Mafi yawan hayaƙinta daga sare daji da noma da kiwo yake fitowa. Cibiyar binciken sararin samaniya ta ƙasar ta fara bin dajin Amazon da tauraron ɗan'adam tun 1988, a 2004 kuma ta fito da tsarin da ke sanar da jami'an tsaron daji cikin ƙanƙanin lokaci inda ake sara. Ministar muhalli a lokacin ita ce Marina Silva, 'yar masu tatsar roba daga jihar Acre, wadda ba ta koyi karatu ba sai da ta kai shekara 16. Dajin da ake sarewa a shekara ya sauko daga sama da murabba'in kilomita 27,000 a 2004 zuwa ƙasa da 5,000 a 2012. Da gwamnati ta canza, Shugaba Jair Bolsonaro ya musanta lambobin cibiyar, aka sauke shugabanta Ricardo Galvão a 2019, sara ya koma sama da 13,000 a 2021. A lokacin masanan suna nan, taurarin suna nan, mai sauraro ne babu. A ƙasar dai, hukumar binciken noma ta Embrapa, wadda aka kafa a 1973, ita ce ta gano yadda za a gyara ƙasar yankin Cerrado mai tsami a noma waken suya, abin da ya kai ga share kusan rabin dajin yankin. Kuma daga cikin masananta ne Johanna Döbereiner ta yi aikin ƙwayoyin halittar da ke sa waken ya samu abincinsa daga iska, har Burazil take noma shi kusan ba tare da takin zamani mai naitirojin ba, takin da haɗa shi ke cin gas mai yawa. Gida ɗaya ya fitar da abin da ya ƙara hayaƙi da abin da ya rage shi.

A nan kusa da mu akwai darasi biyu daga Nijar. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasar tun 1969, suna ƙera tukwanen dafa ruwa da na'urorin tace ruwa masu aiki da rana tun kafin yawancin duniya ta waiwayi fannin. A Sakkwato ma akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun farkon shekarun 1980. Ilimin ya zo da wuri, amma bai tarar da masana'antu da jari da ɗimbin masu aikin hannu da za su ɗauke shi ba, don haka ya tsaya a harabar cibiya. A gefe guda kuma, manoman Maraɗi da Damagaram sun ɗauki dabarar sassaben zamani tun tsakiyar shekarun 1980, wato barin tohon kututturen gawo da sauran itatuwa a gona a riƙa yi musu aski maimakon a tumɓuke su. An ƙiyasta cewa ta haka an dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Manomi ne ya koya wa manomi, kuma abin ya kama ne sosai bayan da aka sassauta dokar da ke ɗaukar itacen gona mallakar hukuma, manomi ya tabbatar cewa abin da ya rena nasa ne.

Wani ɓangaren da bai kamata ki bari ba shi ne na waɗanda sauyin zai raba da abincinsu. Haƙar kwal a Afirka ta Kudu tana ɗaukar ma'aikata kimanin 90,000, yawancinsu a lardin Mpumalanga. An rufe tashar wutar kwal ta Komati a watan Oktoba na 2022, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 don mayar da wurin na sola da iska da batir, tare da cibiyar horarwa. Hukumar yanayi ta fadar shugaban ƙasar da kanta ta ce an makara, kamata ya yi horon da sababbin ayyukan su riga rufewar da shekaru. Mai shekara 50 da ya ƙare rayuwarsa a ramin kwal ba ya zama mai haɗa inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, cikin sati shida, kuma gonar sola, da zarar an gama gina ta, mutane kaɗan take buƙata. Inda ma'aikata suka ga ba su da mafita, ƙungiyoyinsu da 'yan siyasarsu za su tsaya kan a ci gaba da kwal, kuma ba za ki ga laifinsu ba.

Game da binciken da za ki yi, yawancin takardun da za ki karanta suna auna ilimi ne da matsakaicin shekarun makaranta, sau da yawa daga ƙididdigar masana tattalin arziki Barro da Lee, sannan su jera shi da hayaƙin ƙasashe na shekaru talatin ko arba'in. Matsalar farko ita ce ilimi da arziki tare suke tashi, da wuya lissafi ya raba su, shi ya sa sauya ƙasashe biyu ko uku a cikin jerin yake iya juya sakamakon. Ta biyu ita ce zama a aji ba ya nufin koyo. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa bakwai cikin goma na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan tara cikin goma. Yaron da bai iya karatu ba a wannan shekarun, in ya zama mai haɗa wuta ba zai karanta takardar da ta zo da inbata ba, da ka zai yi aikin. Ki raba ilimin zuwa firamare, koyon sana'a da jami'a, ki raba hayaƙin da ƙasa ta fitar wajen ƙera kaya da na kayan da ta cinye, kuma ki sa tushen wutar ƙasa da farashin mai a cikin lissafin, domin su ne ke yanke hukuncin gefen da ilimi zai ja.

Akwai kuma sabon dalilin da zai sa aikinki ya samu masu nema. Tarayyar Turai ta fara tilasta bayar da rahoton kabon da ke cikin ƙarfe, siminti, alminiyam da takin zamani da ake shigar mata tun Oktoba 2023, matakin biyan kuɗi kuma daga 2026. Kamfanin da ba shi da wanda zai auna hayaƙinsa ya kuma kare lambobin, za a ɗora masa ƙiyasin da ya fi nasa nauyi. Indiya, Turkiyya, Masar, Afirka ta Kudu da Mozambik duk abin ya shafe su. In da ni ne ke zaɓar miki, da na ce ki bar jerin ƙasashe arba'in da kowa ke maimaitawa, ki shiga unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ki samu masana'antu talatin ko arba'in masu yin kaya iri ɗaya, ki rubuta litar dizal da wutar da kowacce ke sha a kan kowane tan na kayanta, sannan ki tambayi wa ke kula da injuna, ina ya koyi aikin, shekara nawa ya yi a wurin, kuma in ya kawo shawara wa ke sa hannu a kan kuɗin gyaran.